Na Dawo Maka Da Kanka, Wetini

Daga Allah muke, kuma komai daɗewar mutum a nan, wurinsa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Wetini Mauheni, ɗan wasan fim, direban motar makaranta, manomin dankali, yana da shekara sittin da takwas a duniya. A gonarsa ta bayan gida ya faɗi, can kusa da ƙauyen Tikitiki, da fartanya a hannunsa. Matarsa Hiria ce ta buga mini waya kafin rana ta take, kuma ba ta ja magana ba.

"Glenys, mutumin naki ya tafi. Ranar Juma'a za mu rufe shi."

Washegari jaridu suka ɗauka. Kusan dukkansu abu ɗaya suka rubuta, wai Darguz ya mutu, suka buga hoton dodo mai ƙaho uku da haƙora a waje. Na duba guda huɗu, Wetini, babu wadda ta buga fuskarka. Ban yi mamaki ba, amma na ji haushi, kuma kaina na fi jin wa haushin, domin ni ce na ƙera wancan dodon. Ni ce Glenys Marinkovich, wadda ta shekara shida tana manna maka fuskar roba a finafinan Ƙofar Gishiri guda huɗu. A gaban akwatinka na yi maka magana kamar yadda ake yi wa mamaci, sai kuka ya cinye mini rabinta, shi ya sa na zauna yau nake rubuta maka sauran. Akwai kuma ƙaryar da na yi maka, na riƙe ta shekara goma sha shida, kuma ina so a ji ta daga bakina.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Shekara ashirin da biyu ke nan, a tsohon sito na fenti da aka mayar ɗakin aikinmu a Wellington, iska tana kaɗa rufin kwano kamar kullum. Ka shigo sai da ka sunkuya a ƙofa. An ce mini an samo wani ƙato da ya yi askin tumaki ya yi saran katako, ya kuma yi 'yan wasannin daɓe a ƙananan zaure, shi zai fito a matsayin mai gadin ƙofa. Na zaunar da kai na yi maka bayani yadda nake yi wa kowa. Kafin a ƙera fuskar roba da za ta zauna wa mutum daidai, sai an yi zubin kansa. Za a aske ka ƙwal, a kwara maka wani kunu mai sanyi har ya rufe ido da baki da kunne, a bar ramukan hanci kawai, a naɗe da bandejin filasta, ka zauna minti arba'in ba ka gani ba ka ji. Na ga manyan jarumai da suka fizge shi tun minti biyar suna haki.

Ka saurara har na gama, sannan ka ce, "Malama, kafin ki taɓa, ba ni minti biyu." Ka rufe ido ka yi addu'a a hankali da harshenku. Da ka buɗe ka ce, "Kin dai san kan mutum tapu ne ko?" Na ce na sani. A ƙasar nan aka haife ni, wa bai san kalmar ba? Abu mai alfarma ke nan, wanda ba a wasa da shi. Ashe sanin da na yi mata irin sanin sunan garin da mutum bai taɓa takawa ba ne. Da na gama askin ka durƙusa ka tattara gashinka tas daga ƙasa, ka zuba a ambulan ka sa a aljihu. Ka zauna mintocin nan arba'in ko motsi ba ka yi ba, sai yatsarka ɗaya tana buga wata waƙa a gwiwa.

Bayan mako guda zubin ya fito, fari sol, komai naka yana nan, har tabon da ke saman girarka ta hagu. A duk shekarun aikina ban taɓa fitar da wanda ya kai shi kyau ba. Kantoci sun cika, sai na ɗora shi a teburin da muke shan shayi. Ina cin burodina da cuku waya ta yi ƙara, na duba ban ga faranti ba, na ɗora burodin a tsakiyar kan. A daidai lokacin ka shigo.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka tsaya ka kalli burodin, ka kalle ni, ka ce, "Wannan kaina ne." Ka juya ka fita.

Kwana uku kana zuwa ka zauna a kujerata ido a rufe, in yi awa huɗu ina aiki a fuskarka, ko tari ba ka yi mini. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. A rana ta uku ina shafa maka gam hawaye suna zuba, ban iya ganin abin da nake yi. A ta huɗu ka zo da katako da ƙusoshi da hamarka da kwalbar ruwa. Ka kafa kanta can sama da tsayin kowa, ka yayyafa wa zubin ruwa, ka ɗora shi da hannu biyu, ka wanke hannunka, ka sa ni ma na wanke nawa.

"Nan zai zauna," ka ce. "Ba shayi, ba burodi, ko alewa kada ta gitta ta gabansa. Kin ji ni, Uwar Gam?"

Daga ranar sunan ya bi ni, har darakta da shi yake kirana. Daga ranar kuma na san abin da tapu take nufi, na san ba a haɗa ta da abinci, kuma ban sake taɓa kan wani ɗan wasa ba sai na nemi izininsa.

Kai, shekarun nan shida! Kullum muna kan ƙafa tun kafin gari ya waye, ni da buroshina, kai da waƙoƙin cocinku da ba ka taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba, domin da na zo manna haɓa dole ka yi shiru. Kakan ce na zaɓi wannan aikin ne don in samu damar rufe wa maza baki. Mun yi aiki a cikin dusar ƙanƙara a kudu, mun yi a cikin laka, mun yi a ranar da zafi ya narkar da gam har ƙahonka ɗaya ya faɗo a tsakiyar yaƙi, ka ɗauka ka miƙa wa abokin gabarka ka ce ya riƙe maka. Wannan dariyar ta sa aka rasa rabin yini, kuma babu wanda ya yi nadama sai masu kamfani.

Ina tuna ranar da aka bar mutum ɗari biyu masu cika fage suna karkarwa a kan tudu, manya kuma suna cikin tanti mai ɗumi. Ka fito daga tantin da cikakkiyar shigarka ka je ka zauna cikinsu a kan ƙanƙara. Aka aiko a kira ka. Ka ce a gaya musu Darguz yana gadin ƙofa, ba zai tashi ba sai ya ga tukunyar miya. Kafin awa ɗaya miya ta iso. Ina kuma tuna lokacin da mahaifiyata ta rasu muna tsakiyar fim na uku. Na koma gida ni kaɗai ina tunanin yadda zan yi da baƙi, sai ga ka a ƙofa da Hiria da buhun dankali da rabin tunkiya. Kuka karɓe mini kicin kwana uku. Ka ce ku ba ku san yadda ake barin mutum ya yi kuka yana wanke kwanuka ba.

Sai finafinan suka fito, duniya ta ɗauka. Abin da ya biyo baya kowa da rabonsa. Callum Ferrie, wanda ya fito a matsayin yarima, ya tafi Amurka ya zama abin da ya zama, yanzu fuskarsa har a jikin motocin haya. Sela, wadda ta yi sarauniyar teku, ta yi finafinai biyu a waje ta ga ba za ta iya ba, ta dawo ta karanci unguwarzoma, yau rabin yaran garin Porirua a hannunta suka faɗo. Wasu sun bi giya, wasu sun bi talla, wasu har yau suna jiran wayar da ba za ta zo ba. Kai kuwa naka ya fita daban, domin ka yi suna a duk duniya amma ba wanda ya san ka. Ranar bikin buɗe fim na farko ka sa kwat ɗin da Hiria ta goge maka, mai gadi ya tare ka a bakin jan kafet ya nuna maka inda direbobi ke jira. A bayansa ga hotonka mai tsayin bene biyu. Ka je ka tsaya da direbobin, ka ce hirarsu ta fi daɗi, sai da Callum ya fito da kansa ya jawo ka.

Ka yi dariyar abin har ƙarshen rayuwarka, amma ni na san ya yi maka ciwo, domin ni nake cire maka fuskar da yamma, kuma na san abin da ke ƙarƙashinta. Burinka shi ne a ba ka matsayin uba, ko malami, ko wani tsoho mai gardama da maƙwabcinsa a kan shinge. Duk inda ka je gwaji sai a dubi tsawonka a ce ka yi gurnani. An kira ka ka zama dodon kogo, an kira ka ka zama ɗan daba mai tsaron ƙofar mashaya, sau nawa ban ƙirga ba. Ka shekara biyar kana yawon tarukan masoya fim daga wannan ƙasa zuwa waccan, kana sa hannu a kan hoton da ba fuskarka ba. Ka ba ni labarin wata mata da ta yi layin awa biyu, da ta iso gabanka ta leƙa bayanka ta ce, "Baba, yaushe shi kansa zai fito?" Ka ce mata ya je fitsari.

Da ka gaji ka tattara ka koma gida. Mutanen Wellington suka ce ka ɓata, ni kuwa da na ziyarce ka sai na ga a can ne aka same ka. Ka karɓi motar makaranta, kana bin hanyar tsakuwa safe da yamma kana kwasar yara, kuma na ji an ce ba a taɓa faɗa a motarka ba, domin da hayaniya ta yi yawa sai muryar Darguz ta fito daga kujerar direba. A zauren cin abinci na marae ɗinku, dandalin danginku, ka haɗa ƙungiyar wasa da masu aski da malaman makaranta da tsofaffin mata. A can na ga ka fito a matsayin tsohon da ke gardama da maƙwabcinsa a kan shinge, wasan da ka rubuta wa kanka da kanka tunda ba wanda zai rubuta maka. Mutum tamanin ne a zauren, a kan kujerun roba. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, daga baya na yi kuka, kuma ban taɓa ganin ka yi wasa mai kyau kamar na ranar ba. Ko hoda ban shafa maka ba.

Yanzu bari in zo kan ƙaryar.

A shekarar da aka gama fim na huɗu aka ce za a kwashe ɗakin aikinmu. Abin da kamfani yake so ya ɗauka, saura a zubar. Ka kira ni daga filin jirgi, kana kan hanyar ɗaya daga cikin tarukan nan.

"Uwar Gam, kan nan nawa. Kada ya shiga bola, kada kuma ya je gidan wani ya zama abin rataya hula. Ki fasa shi, ki binne a wuri mai tsabta. Ke kaɗai na yarda ki taɓa."

Na ce to. Na kawo shi gida, na shimfiɗa tsumma a ɗakin ajiya na bayan gida, na ɗauko hama. Wetini, na ɗaga ta sau uku. Idanunka a rufe, bakinka da ɗan murmushin nan da ka yi a ƙarƙashin filasta, ga tabon gira. Hannuna ya ƙi. Zan iya cewa tausayi ne kawai, amma tunda gaskiya na zo faɗa, har da son kai. Shi ne aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi. Kuma shekarun nan shida su ne mafi daɗin rayuwata, ga su sun ƙare, kowa ya watse, abin da ya rage mini ke nan. Na kafa kanta can sama, na ɗora shi, na rufe da farin ƙyalle, na sa wa ƙofar kwaɗo.

Da ka dawo ka biyo ta gidana. Muna zaune a baranda ka tambaye ni ko an yi. Na ce an yi. Ka ce a ina? Ban shirya amsa ba, idona ya faɗa kan abin da ke gabana, na ce, "Can, gindin lemun tsami." Ka daɗe kana kallon bishiyar. Sannan ka ce, "Madalla. Kin kyauta." Da za ka tafi ka roƙi leda ka tsinki lemun ka cika ta, ka ce na Hiria ne.

Haka muka ci gaba. Duk sanda ka shigo Wellington, ko ganin likita ko wani ɗan aiki, sai ka biyo, mu sha shayi mu yi gulmar mutanen da, ka tsinki lemunka ka tafi. Wani lokaci ma a gabana kake yanka shi ka matsa a shayin. Ni kuma duk ranar Lahadi in buɗe ɗakin in goge maka ƙura. Ban taɓa shiga da abinci ba, ko cingam ne a bakina sai na tofar. Sau da yawa na ɗauki waya zan gaya maka, sai in tuna kwana ukun nan na shiru in ajiye. Kullum ina cewa sai wani zuwan.

Da Hiria ta kashe waya ranar Talata na je na tsaya a ƙofar ɗakin ajiya. Ka mutu kana zaton kanka yana cikin ƙasa, ga shi a kan kantata. Ranar Juma'a za a rufe ka, kuma idan na yi shiru za ka shiga kabari wani ɓangare naka yana kulle a bayan gidan wata tsohuwa a Wellington, in na mutu kuma 'ya'yan ɗan'uwana su kwashe shi da sauran tarkace. Idan kuma na kai shi, sai na tsaya gaban matarka da danginka na ce na ci amanarka. Yini guda na yi ina kai da komo. Ranar Alhamis da sassafe na naɗe shi a sabon bargo, na zaunar da shi a kujerar gaba, na ɗaura masa bel.

Awa goma na yi a hanya. Ban sa komai a bakina a cikin motar ba. A Napier na tsaya na fita na sha ruwa a tsaye, na wanke hannu na koma. Daga Gisborne zuwa gaba na yi ta yi maka magana, na ba ka haƙuri ta kowace fuska da na sani, kai kuwa kana zaune ido a rufe kamar wancan karon.

Na isa da la'asar. Muka taru a bakin ƙofar marae da wasu baƙin, wata tsohuwa ta ɗaga murya ta kira mu, muka taka a hankali. Ga ka can a barandar babban ɗaki, akwati a buɗe, an lulluɓe ka da mayafin gashin tsuntsu, hotunan waɗanda suka riga ka suna jere a ƙafafunka, Hiria da mata sanye da baƙi a gefenka da ganye a kawunansu. Kowa ya zo hannu sake, ni kaɗai ce rungume da ƙunshi kamar mai goyo a gaba. Aka yi jawabai aka yi waƙoƙi, ban ji ko ɗaya ba. Da aka zo gaisawa na bi layi har na iso gaban Hiria, muka haɗa hanci irin gaisuwarku, sai na zube a gwiwa na ajiye ƙunshin a tabarma.

"'Yar'uwa, na yi masa ƙarya," na ce. "Ban fasa ba. Ban binne ba. Ga shi nan."

Hiria ta buɗe bakin bargon, ta ga fuskarka ta shekara arba'in da shida, ta ɗora tafin hannunta a kumatun ta daɗe. Ina jiran abin da zai biyo baya, na riga na shirya in tashi in koma mota. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ashe dariya take yi, hawaye na zuba.

"Ke dai Glenys Allah ya shirye ki. Sai yau? Tun jiya nake cewa a duba hanya."

Na ɗago kai na dube ta.

"Tun ranar da ya tambaye ki ya sani," ta ce. "Da ya dawo ya dire mini ledar lemu ya ce, Uwar Gam ta yi mini ƙarya, kuma ba ta iya ba. Na ce ta yaya ka gane? Ya ce, matar da ta yi kuka a kan burodi guda, ita ce za ta binne kaina a gindin bishiyar da ake shan 'ya'yanta? Ko an sa mata wuƙa a wuya ba za ta yi ba. Yana nan wani wuri a sama, inda ko ƙamshin shayi ba ya kaiwa."

Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Ke kuma ba ki taɓa tambayar kanki ba? Mutum ya yi ta shan lemun da ya tsiro a kan kansa?"

Wallahi ban taɓa ba. Shekara goma sha shida kana tsinkar lemun nan a gabana, kana matsawa a shayi kana kallona, kana gaya mini ka sani, ni kuwa ina can ina fama da asirina. Ni da nake taƙama na koyi tapu a hannunka.

Na tambayi Hiria don me ba ka taɓa cewa komai ba. Ta ce ita ma ta tambaye ka, har ta ce za ta zo ta karɓo da kanta. Ka ce a bar mini. Ka ce kowa ya fita daga fim ɗin nan da wani abu, Callum ya samu duniya, kai ka samu hanyar gida, ni kuwa da aka rufe ɗakin aikin ba abin da aka bar mini. Ka ce, "A duk duniya mutum ɗaya ce ta ajiye fuskata ta gaskiya, sauran duk ta dodon suka ajiye. Ranar da na mutu za ta kawo, ki bar mata wuri."

Ta ɗaga gefen mayafin. A hannunka na dama, tsakanin kafaɗarka da katakon akwati, ga wuri an bari, daidai girman abin da na kawo. Tun ranar Talata ta sa aka yi akwatin da faɗi.

Sauran ka sani, kana wurin. An yayyafa masa ruwa, wani dattijo ya yi addu'a, aka ce ni zan sa shi da hannuna. Aka kai ni zauren cin abinci aka cika mini faranti, yunwar yini guda ta taso mini gaba ɗaya. A bayan kicin na tarar da Callum Ferrie a kan bokiti, ya sauka daga jirgi da safe, wata gwaggonka ta miƙa masa wuƙa da buhun dankali, tana yi masa faɗa wai yana fere da kauri. Sela tana wanke tukwane. Muka kalli juna mu uku, duk mun yi furfura, sai Callum ya matsa mini a kan bokitin. Ranar Juma'a da safe aka rufe akwatin, muka raka ka kan tudun da ke kallon kogi, muka wanke hannu a bakin ƙofar maƙabarta muka sauko.

Wetini, abokina, ka yafe mini ƙaryar, ko da yake na ga alama ka daɗe da yafewa kana ta shan lemunka. Na gode da shirun kwana uku, na gode da na shekara goma sha shida. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta cikin iyayenka da kakanninka. Yadda ka rufa mini asiri, Allah ya rufa maka naka. Yadda ka fito daga tanti ka zauna da masu jin sanyi, Allah ya zaunar da kai a inuwar rahamarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar'uwata Hiria, da 'ya'yanku da jikokinku, da dukkan dangin Mauheni da mutanen marae da suka ciyar da mu kwana da kwanaki ba su gaji ba. Ina miƙa ta ga yaran da suka girma a motarka, da 'yan ƙungiyar wasanka, da duk wanda ya taɓa tsayawa tare da mu a cikin laka a shekarun Ƙofar Gishiri. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Jiya Lahadi. Na ɗauki tsummana na nufi ɗakin ajiya kamar kullum, sai da na buɗe kwaɗon na tuna. Kantar tana nan, babu komai a kai sai zagayen da ƙura ba ta taɓa ba. Na goge ta duk da haka. Lemun kuwa bana ya yi 'ya'ya har rassa suna taɓa ƙasa, kuma ban san wa zan ba ba.